A Ba Masu Zamiyar Mota Fili, a Karɓe Musu Titi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san lokacin da numfashin 'yan kallo yake ɗaukewa. Mahaya sun saki linzami, sun taho a sukwane, ƙura ta turnuƙe, sai da suka kusa cimma inda sarki yake sannan kowa ya zame dokinsa. Dokin ya durƙusar da ƙafafunsa na baya yana jan ƙasa, mahayin ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Babu mai kiran wannan hauka, alhali haɗarinsa a fili yake. Abin da ya raba shi da hauka shi ne an ware masa wuri da lokaci, an kore jama'a daga hanyar dawakai, kuma mahayin ya shafe shekaru a kan sirdi kafin ya kai ga wannan rana.

Mota ma tana da irin tata zamiyar. Japanawa, waɗanda suka mai da ita wasa mai ƙa'ida, suna ce mata dorifuto. Direba ne yake sa tayoyin bayan motarsa su kuɓuce wa riƙon kwalta da gangan, motar ta shiga kwana a karkace, gefenta yana gaba, ya kuma riƙe ta a haka har ya fita daga kwanar ba tare da ta wulwula ko ta bar hanya ba. A wannan rubutu zan kira shi zamiya, tun da kalmar tamu ce, kuma ta dace.

Ra'ayina shi ne zamiya ilimi ne da ake koyo daki-daki, kuma wurin koyonsa ɗaya ne tak, wato filin da aka rufe. Abin da samari suke yi a titunanmu ranar ɗaurin aure ko da yammacin Sallah caca ce da rayukan waɗanda ba a nemi yardarsu ba. Amma ina ganin hani kaɗai ba zai kawar da shi ba. Domin a gane dalili, sai mun fara duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar.

Faɗin tafin hannu huɗu

Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Duk abin da direba yake so, ko gudu, ko tsayawa, ko karya kwana, ta waɗannan wurare huɗu yake wucewa. Riƙon da kowace taya take yi wa kwalta kuwa yana da iyaka, kamar albashin wata: abin da ka kashe a nan ba za ka same shi a can ba. In ka kashe riƙon tayar wajen taka birki da ƙarfi, kaɗan ne zai rage na juyawa. In ka kashe shi wajen taka totur, haka nan.

Idan riƙon tayoyin gaba ya fara ƙarewa, direba zai murza sitiyari amma motar ta ƙi bin umarni, ta miƙe zuwa wajen kwanar. Idan na baya ne ya fara ƙarewa, bayan motar zai fita gefe yana neman ya riga gabanta wucewa. Wannan na biyun shi ne yake firgita direbobi, shi ne kuma mai zamiya yake nema da kansa.

Akwai kuma nauyi, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Taka birki yana tura nauyin mota gaba, tayoyin baya su yi sakayau. Taka totur yana mai da shi baya. Karya kwana yana jefa shi ga tayoyin da ke waje. Dabarun fara zamiya duk wasa ne da waɗannan abubuwa biyu, riƙo da nauyi. Wani yana fizgar birkin hannu na ɗan lokaci don tayoyin baya su kulle su sulɓe. Wani yana taka kuloci ya sake shi farat ɗaya alhali injin yana ruri, ƙarfin ya daki tayoyin baya su yi ta juyawa a banza. Wani yana karkata motar zuwa waje sannan ya dawo da ita ciki da sauri, nauyin da ya yi lilo ya fizge bayanta, dabarar da masu tseren daji na arewacin Turai suka shahara da ita. Mai inji mai ƙarfi kuwa totur kaɗai ya ishe shi.

Fara zamiya ba wuya. Kowane yaro da ya saci makullin motar babansa zai iya. Gwanintar tana cikin abin da ke biyo baya. Da zarar bayan motar ya fita, dole sitiyari ya juya zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, wato kishiyar kwanar: kana zagaya kwanar hagu, tayoyin gabanka suna kallon dama. Daga nan ƙafar dama ce take tuƙi. Ƙara totur yana buɗe kusurwar motar, ragewa yana rufe ta. In ka zarce, motar ta wulwula. In ka ɗage ƙafa gaba ɗaya don tsoro, tayoyin baya su cafke kwalta nan take alhali na gaba suna kallon waje, motar ta yi tsalle zuwa ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan fizgar ta biyu ita ce take kai motoci da yawa cikin kwata ko cikin taron jama'a.

Wannan ne ya sa zamiya ta gaskiya take buƙatar motar da injinta ke tura tayoyin baya. Yawancin motocin da suka cika titunanmu, irin su Corolla da Camry da Accord, tayoyin gaba ne suke jan su. Wanda ya fizgi birkin hannu a irin waɗannan zai iya watsa bayan motar, amma ba shi da abin da zai riƙe zamiyar da shi. Ya jefa dutse ne kawai, yana jiran ya ga inda zai faɗa.

Yadda ake koyo

A makarantun zamiya ba a fara wa ɗalibi da kwana ko da gudu. Ana kai shi wani shimfiɗaɗɗen fili na kwalta ko siminti, babu turke, babu bishiya, sau da yawa an jiƙa shi da ruwa don tayoyi su sulɓe a ƙaramin gudu. A tsakiya an ajiye 'yar alamar roba mai tsini. Darasin farko shi ne ya zagaya alamar nan a giya ta ɗaya, bayan motar yana zamewa, hancinta yana kallon alamar. Zai wulwula sau goma, sau ashirin, injin ya mutu, ya sake tayarwa. Babu abin da ya yi asara sai roba da ɗan girman kai.

Idan da'irar ta zauna, sai a faɗaɗa ta, a hau giya ta biyu. Sannan a ajiye alama ta biyu, ya riƙa zagaya su yana zana lamba 8. A nan ne yake koyon abu mafi wuya, wato sauya zamiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya bar fizgar nan mai haɗari ta faru a lokacin da ya zaɓa, ya kuma tare ta kafin ta wuce gona da iri. Bayan wannan ne ake barinsa ya gwada kwana guda a kan hanyar tsere, sannan ya haɗa kwana biyu, sannan uku.

Abubuwa biyu ne malaman suke ta nanatawa. Na farko ido. Mota tana bin inda direba yake kallo, don hannu yana bin ido ba tare da shawara ba. Wanda ya ƙura wa bango ido don tsoron kada ya buge shi, bangon zai nufa. Ɗalibi yana koyon kallon inda yake son zuwa, ko da ta tagar gefe zai kalla. Na biyu sakin hannu. An ƙera tayoyin gaban mota ta yadda suke neman daidaita kansu da inda motar take tafiya, don haka idan bayan ya fita, sitiyarin da kansa yake juyawa zuwa inda ya dace, da saurin da hannu ba zai iya ba. Gwani yana sassauta riƙo, sitiyarin ya zare ta cikin tafinsa, ya cafke shi a daidai wurin. Mai tsoro yana ƙanƙame shi, ya hana motar ceton kanta.

Ita ma motar ana shirya ta. Ana sauya ko a yi wa akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya walda don su riƙa juyawa tare. Ana ƙara wa tayoyin gaba iya karkata fiye da na motar gida. Ana sa kujera mai rungume jiki, da ɗamara mai igiyoyi da yawa, da hular kwano, da abin kashe gobara, a matakin gasa kuma da kejin ƙarfe a cikin motar. Tayoyin baya kuwa abinci ne: a gasa, sababbi biyu suna iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. Wanda yake son wannan wasa ya san cewa kuɗinsa hayaƙi zai zama.

Wani abin da zai ba mutane mamaki shi ne a kan busasshiyar kwalta zamiya ba ta ƙara sauri. Tayar da take zamewa sosai ba ta riƙo kamar wadda take dab da iyakarta, shi ya sa ba a ganin direbobin Formula 1 suna shiga kwana a karkace. A gasar zamiya ba a duba wanda ya riga isa. Alƙalai suna duba layin da direba ya bi, da girman kusurwar motarsa, da saurinsa, da tsaftar salonsa. A zagayen ƙarshe motoci biyu ne suke fita tare, ɗaya a gaba ɗaya yana binsa ƙofa da ƙofa, sannan su yi musanya. Mai bi dole ya kwaikwayi kowane motsi na na gaba, a tazarar da wani lokaci ba ta kai taku ɗaya ba. Ba ka yin haka da mutumin da ba ka amince da horonsa ba.

Daga kan duwatsu zuwa cikin shinge

Masu kare wasan titi suna da hujja guda mai ƙarfi: a titi aka haifi zamiya. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan.

Kunimitsu Takahashi, wanda a 1961 ya zama Bajapane na farko da ya ci tseren babur na gasar duniya, a Jamus, ya koma tseren mota bayan mummunan haɗari. A shekarun 1970 ya yi suna da yadda yake shiga kwana da motarsa Nissan Skyline tana zamewa. Samari suka gani, suka ɗauki salon zuwa karkatattun hanyoyin kan duwatsu da dare. Cikinsu akwai Keiichi Tsuchiya, haifaffen 1956 a yankin Nagano, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Sarkin Zamiya. A 1987 aka fitar da wani faifan bidiyo mai suna Pluspy, yana zamiya da ƙaramar Toyota AE86 a kan hanyar jama'a. Faifan ya bazu, shi kuma aka dakatar da lasisinsa na tsere.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Tsuchiya bai tsaya a kan dutse ba. A 1995 shi da Takahashi, mutumin da ya taso yana kwaikwayo, suna cikin direbobi ukun da suka ci rukuninsu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motar Honda NSX. A 1999 ya zo na biyu a tseren baki ɗaya da Toyota. Shi da Daijiro Inada, wanda ya kafa mujallar motoci ta Option, suka assasa gasar D1 Grand Prix a farkon shekarun 2000, mai alƙalai da dokoki. Filin Ebisu da ke yankin Fukushima, mai hanyoyi da dama a wuri guda, ya zama makarantar da masu koyo daga ko'ina a duniya suke zuwa. Amurka ta fara tata gasar, Formula Drift, a 2004. A 2017 hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ta shirya kofin zamiya na farko a Tokiyo.

Mafi yawan matasanmu ta fim ɗin Tokyo Drift na 2006 suka san wannan wasa. Tsuchiya ya fito a cikinsa na 'yan daƙiƙu, a matsayin masunci yana kallon yaron da yake koyo. Abin da fim ba ya nunawa shi ne titunan da aka rufe don ɗaukarsa, da ƙwararrun direbobin da suka yi aikin, da motocin da aka lalata.

Hujjar da ba zan kafa ba

Da sauƙi in ce a koya wa matasa zamiya domin su zama direbobi masu kiyaye haɗari. Zancen yana da daɗin ji, amma binciken da aka yi bai goyi bayansa ba, kuma bai kamata in ɓoye wa mai karatu ba.

A ƙarshen shekarun 1970 ƙasar Norwe ta wajabta wa sababbin direbobi horo a kan fili mai santsi, don su iya ceton mota idan ta zame a kan ƙanƙara. Da aka bi sawu, sai aka ga haɗurran samari maza a kan hanya mai santsi ƙaruwa suka yi. An ga makamancin haka a Finlan. Bayanin da masana suka bayar shi ne horon kwana ɗaya yana ƙara wa mutum yarda da kansa fiye da yadda yake ƙara masa iyawa. Ya fito yana jin ya gwanance, ya ƙara gudu. Tun a 1974 wani bincike a Amurka ya nuna cewa direbobi masu lasisin tsere sun fi sauran direbobi yawan haɗurra da laifin gudu a kan titi. Saboda irin wannan ne ƙasashen arewacin Turai suka sauya manufar horon: yanzu ana kai ɗalibi fili mai santsi ne don ya ji a jikinsa yadda mota take kuɓucewa da wuri, ya ji tsoron abin.

Ga mai tuƙi zuwa ofis, na'ura ta fi gwaninta amfani. Tun 1995 Mercedes da Bosch suka fito da na'urar da take gane mota ta fara zamewa, ta taka wa taya ɗaya birki don ta daidaita ta, abin da babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya. An wajabta ta a sababbin motoci a Amurka daga 2012, a Tarayyar Turai daga 2014. Mai zamiya kashe ta yake yi kafin ya fara. Wanda ya kashe ta a titi ya cire wa kansa da maƙwabtansa kariya ne. Har a 2024 masu bincike na Toyota da Jami'ar Stanford suka sa motoci biyu suka yi zamiya tare a wani filin tsere a Kalifoniya, kwamfuta ce take tuƙa su, da nufin koya wa motocin gobe yadda za su ceci kansu idan sun zame.

Saboda haka ba na cewa zamiya maganin haɗari ce. Wasa ne, kamar folo, kamar dambe, mai kyau da tsada da haɗari. Hujjata ta fi wannan sauƙi: akwai matasan da za su yi shi ko an yarda ko ba a yarda ba, abin da ya rage mana shi ne zaɓen inda za su yi.

Riyad, Soweto, da mu

Saudiyya ta daɗe tana fama da abin da suke kira tafhit, samari suna watsa motoci a manyan titunan Riyad cikin matsanancin gudu, 'yan kallo a bakin hanya ba shinge. A 2016 aka tsananta hukunci: riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, haɗe da tsare motar. A lokaci guda ƙasar ta buɗe ƙofa ga wasannin motoci na hukuma. Afirka ta Kudu tana da nata salon na wulwula mota, wanda ya taso a Soweto a shekarun 1980, ana danganta shi da jana'izar 'yan daba da motocin sata, da tsohuwar BMW 325i da suke kira gusheshe. Yau hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta amince da shi, ana yin sa a filaye masu shinge, ana sayar da tikiti, mata ma suna fafatawa. Japan, Saudiyya da Afirka ta Kudu ba su yi kama da juna ba, amma duk sun ƙare a kan haɗa abu biyu, hukunci a titi da ƙofa a fili.

Mu kuwa rabin farko muke maimaitawa. Kowace Sallah ana jan kunne, kowane biki ana sake yi. Lissafin kuwa ba ya sauyawa. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu yana ninka huɗu. A fili, kuskure yana ƙarewa a kan tsakuwa ko tulin tsofaffin tayoyi. A titi yana ƙarewa a kan mai shayi, ko almajiri, ko yaran da suka fito kallon amarya, kuma sau da yawa a kan tayoyin gwanjo da suka daɗe da wuce zamaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ba mu da rarar rayukan da za mu ƙara a kai don nishaɗi.

Abin da nake kira a yi bai kai gina babbar hanyar tsere ba. Matakin farko na koyon zamiya fili ne shimfiɗaɗɗe mai faɗin filin ƙwallo ko biyu, da shinge mai ƙarfi tsakanin motoci da 'yan kallo, da tankar ruwa, da motar asibiti, da malami. A sa sharaɗin shekaru da lasisi, a duba mota da tayoyinta kafin ta shiga, a hana wanda ba shi da hular kwano. Masu sha'awar su kafa ƙungiya mai rajista, su biya kuɗin shiga, su ɗauki nauyin inshora. Garuruwan da suka iya riƙe filayen folo da na sukuwa shekara da shekaru ba za su ce wannan ya fi ƙarfinsu ba. Sannan a ɗaure ɗaya ƙarshen igiyar tamau: wanda aka kama yana yi a titi a karɓe motar da lasisin, ko ɗan wane ne, ƙungiyar ma ta kore shi daga fili. Hukuncin da ya tsaya a kan ɗan talaka mai babur ya tsallake ɗan mai hali ba zai hana komai ba, kuma kowa ya san 'ya'yan wa suke da motocin da ake ƙona wa taya.

Za a ce wannan shagalin masu kuɗi ne a ƙasar da ake fama da abinci. Haka ne, kuma shi ya sa ban ce a taɓa baitulmali ba, su biya da kansu. Amma wanda ake bugewa a bakin titi ba mai kuɗi ba ne. Don shi nake wannan magana.

Iyayen da suke miƙa wa ɗan shekara goma sha bakwai makulli ranar bikin yayarsa su ma suna da tambayar da za su amsa. Mahayin da ya zame doki a gaban sarki, ba ranar ya fara hawa ba, kuma da wani ya yi irin wannan sukuwa a cikin kasuwar Kurmi, da ba jinjina za a yi masa ba. Mun san wannan ƙa'ida tun kafin mota ta zo ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne mu yi wa mota abin da kakanninmu suka yi wa doki.